Araha Ta Yi Ado, Saura Lafiyar Kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen iyafis a kasuwar waya, ko ta Farm Centre a Kano ko ɗan teburin bakin tasha, ya san yadda ake gwajin kaya. Mai shago zai jona shi a waya, ya lalubo waƙa mai dukan ƙirji, ya ƙure ƙarar har ƙarshe, sannan ya miƙo maka. In ya girgiza maka kwanya sai ka gyaɗa kai, a shiga ciniki. Wannan gwajin ba abin da yake nunawa sai ƙarfin ƙara, ƙara kuwa ita ce abu mafi sauƙi da kowane tarkacen na'ura ke iya bayarwa. Kuma a cikin duk abin da iyafis ke fitarwa, ita ce ke cinye wa mutum ji.

Abin da ya sa maganar ta zama dole shi ne wani nau'in iyafis da ya yaɗu a hannun matasa cikin 'yan shekarun nan. Ba irin na da ba ne, wanda ake ɗorawa a bakin kunne, kana tafiya yana zamewa. Wannan cusa shi ake yi cikin ramin kunne, da 'yar roba mai laushi a bakinsa, igiyarsa kuma ta zagaya ta bayan kunne ta sauko. A jikin kwalinsa za ka ga an rubuta IEM.

Asalinsa kayan aikin mawaƙa ne. Mawaƙin da ke kan dandamali a gaban dubban mutane ba ya jin muryar kansa, don haka a da sai a jera masa lasifikoki a ƙasa suna fuskantarsa, hayaniya a kan hayaniya. A 1995 wani mai kula da sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen ɗan abin sawa a kunne, bayan makaɗin ya koka cewa rugugin dandamali ya hana shi jin abokan kiɗansa. Wannan aiki shi ya haifi kamfanin Ultimate Ears. Tun 1991 ma kamfanin Etymotic, wanda ya saba ƙera kayan gwajin ji da na kare kunne, ya fitar da nasa mai suna ER-4. Ashe tun fil azal an ƙirƙiro abin nan ne don ya toshe hayaniyar waje, mutum ya ji abin da yake so a hankali ba sai ya ɗaga ƙara ba. Mu kuma mun karɓe shi muna amfani da shi ta baibai.

Na manyan mawaƙa, wanda ake awon kunnen mutum a zuba masa nasa shi kaɗai, yakan haura dala 1,000. Abin da ya karya farashin shi ne kamfanonin ƙasar Sin irin su KZ, Moondrop, 7Hz, Tangzu da Truthear. A 2022 Moondrop ya fitar da Chu, 7Hz ya fitar da Salnotes Zero, kowanne a kan kimanin dala 20, kuma masu auna sauti da na'ura suka tarar sun kere wa wasu da suka ninka su kuɗi sau da yawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fage karin maganar ya ɗan sha ƙasa. Wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon na'urorin sauraro 283 a 2017, bai ga wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin farashi da daidaiton sautin da suke fitarwa ba. Kuɗi yana sayen ƙarko da kyan gani da suna. Daidaiton sauti kuwa sanin aiki ne, kuma sanin ya bazu.

Mene ne daidaiton sautin? Ana auna kauri ko sirantar sauti da yawan girgizarsa a daƙiƙa guda, sunan ma'aunin haz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. A ƙasa akwai kaurin ganga, wanda 'yan kasuwa ke kira bes. A tsakiya akwai muryar ɗan Adam. A sama akwai kaifin algaita da ƙarar kacau-kacau. Ramin kunne, wanda tsawonsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, shi da faifan kunne sukan ƙara wa sautukan da ke kusa da haz 3,000 ƙarfi kafin su isa dodon kunne, kuma a wannan yanki ne fayyacewar magana take. Da ka cusa abu a ramin, wannan taimako na halitta ya tafi, sai iyafis ɗin ya maye gurbinsa. In ya gaza, murya ta dushe, ka riƙa jin mai magana can ciki-ciki. In ya wuce gona da iri, murya ta zama tsawa, bayan rabin awa kai ya ɗau ciwo. Masana a kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive, sun kwashe shekaru suna gwada ɗaruruwan masu sauraro ba tare da sun san na'urar da suke ji ba, suka fitar da wani zubi da akasarin mutane suka fi so: bes mai ɗan auki amma bai danne murya ba, da wancan ɗagi na yankin magana. Yawancin masu arahar da suka yi suna wannan zubin suke bi ko su kusance shi.

Saboda haka in za ka gwada, ajiye waƙar mai shago. Kunna abin da kunnenka ya saba da shi a ƙara matsakaiciya: karatun alaramman da ka sani, ko mai karanta labaran rediyo. Saurari yadda yake furta sa da sha da tsa. In suna sukar kunne, wannan iyafis zai gajiyar da kai komai kyan kwalinsa. Sannan ka sa kiɗa mai kalangu ka ji ko za ka iya bin maganar kalangun daban da muryar mawaƙi, ko kuwa duk sun dunƙule sun zama gunji guda. A wannan kasuwa ji ne ya kori gani.

Gani kuwa yana ruɗi sosai a nan. Cikin kowane iyafis akwai ɗan ƙaramin lasifika. Iri biyu aka fi sani: mai faifai da maganaɗisu, ƙanin na rediyo, wanda ya iya bes, da wani ɗan mitsitsi da aka aro daga na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji. Wasu kamfanoni sun mai da yawan waɗannan abin tinƙaho, a rubuta maka guda biyar ko takwas a kowane kunne. Yawa ba shi ne inganci ba. Chu da Salnotes Zero da na ambata lasifika ɗai-ɗai gare su. A 2022 ma an yi ta cece-kuce bayan wasu masu bin diddigi sun farke wasu samfuran KZ, suka zargi kamfanin da cewa wasu daga cikin ƙananan lasifikokin da ya cusa ba sa ƙara wa sautin abin kirki. Haka lambar nan da ake bugawa a kwali wai yana kaiwa haz 40,000. Ko da gaske ne, wa zai ji? Yawancin manya ma ba sa jin abin da ya haura 16,000 ko 17,000. Igiya mai ruwan azurfa ko zinariya kuwa, a ganina, ado ce. Amfanin igiya na gaskiya shi ne a ce ana iya cire ta a sauya, domin ita ke fara mutuwa, kuma sayen sabuwar igiya ya fi sayen sabon iyafis sauƙi. Ka dai lura cewa bakin jonawar ba iri ɗaya ba ne a kowane kamfani, kuma wasu ana sayar da su ba makirfo, wanda mai yawan amsa kira zai yi da-na-sani in bai duba ba. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma, kamar yadda aka fara yayi tun da Apple ya cire nasa a 2016, sai an haɗa da ɗan majoni ta wurin caji, kuma ba kowane majoni ne kowace waya ke karɓa ba. A gwada kafin a biya.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya fi komai tasiri shi ne wanda aka fi rainawa, wato 'yar robar bakin nan. In ka buɗe kwali za ka tarar da 'yar leda ɗauke da robobi iri uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Mutane da yawa ba sa ko kwance ledar. Sai su yi ta fama da wadda aka maƙalo, alhali ramin kunne ba girma ɗaya ba ne, kai ko na dama da na hagu a kan mutum guda sukan bambanta. Bes a wannan irin iyafis yana samuwa ne idan an kulle 'yar iskar da ke tsakanin roba da dodon kunne. In akwai kafa ko yaya take, ɗan lasifikar yana aikin banza ne, kamar mai ba wa hujajjiyar taya iska. Sai sautin ya fito siriri mai ƙaiƙayi, mai shi ya ce an sayar masa da jabu, ko kuma ya yi abin da ya fi muni, ya ƙara ɗaga ƙarar yana neman bes ɗin da ya zurare ta gefe.

Yadda ake sa shi ma da ƙa'ida. Ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai, ka kama saman kunne ka ja shi sama da baya kaɗan, ramin zai miƙe. Sannan ka tura robar a hankali kana ɗan murzawa, ka saki kunnen. In ta zauna, kafin ka kunna komai za ka ji duniya ta ja baya, ƙarar fanka ko janareta ta ragu, muryarka kuma ta dawo tana amsa kuwwa a cikin kai. Wannan ita ce alamar. In ba ka ji haka ba, gwada wadda ta fi girma. In ka ji amma bayan minti goma ramin ya fara zogi, ta yi maka yawa, koma ƙasa. Akwai kuma ta soso, wadda ake murjewa da yatsa a cusa ta kumbura a ciki. Ta fi toshe hayaniya kuma ta fi laushi, sai dai tana shan gumi da datti, kuma ba ta daɗewa, balle a zafin bazara. Wajen cirewa kada a fizge. A ɗan karkata shi iska ta shiga tukuna, don fizgar abin da ya kulle iska tana jan dodon kunne.

Jin daɗin sawa ya wuce roba. Wasu bututun bakinsu yana da kauri, mai ƙaramin kunne ba zai taɓa jin daɗinsu ba ko da wace roba ya sa, kuma wannan ya fi shafar mata da yara. Masu jikin ƙarfe suna da kyan gani amma sun fi nauyi, in an bar su a rana kuma su ɗau zafi. Masu jikin roba mai tauri sun fi sauƙin wuni da su. Iyafis ɗin da ke ciwo ba a sabawa da shi, kada a yarda da zancen wai kunne zai buɗe. In da hali, a bar shi a kunne na ɗan lokaci kafin a biya, a yi magana, a yi hamma, a tauna, domin motsin muƙamuƙi yana sauya siffar ramin.

Wani abin kuma da ake ɗora wa iyafis laifinsa a banza shi ne lalacewar sautin tun daga tushe. Waƙar da aka naɗa daga lasifikar wani, aka tura ta WhatsApp, aka sake matse ta, ta ratsa wayoyi goma, ta riga ta rasa rabin jikinta. Tsoffin faya-fayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da aka kwafo daga kaset suna zuwa da shuuu ɗinsu. Iyafis mai kyau ba ya gyara wannan, tona shi ma yake yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan murɗaɗɗen bututu mai ruwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan 16,000. Su ke mai da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su, waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa. Babu ciwo, babu jini, shi ya sa ba a farga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ita da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida: a ma'aunin ƙarfin ƙara da ake kira desibel, babba zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Abin tsoron shi ne yadda lokacin ke zaftarewa. A desibel 90 awa 4 kacal ya rage a mako. A desibel 100 minti 20 ne, a mako fa, ba a rana ba. Waya da iyafis in an ƙure su suna kaiwa 100 har su wuce.

An saba ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya. Shawara ce mai kyau, amma irin wannan iyafis da muke magana a kai ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya yi ƙara, kuma yana dab da dodon kunne. Matakin da ya yi daidai a tsohon iyafis ɗinka yana iya yin yawa a wannan. Dabarar da ta fi ita ce ka saita ƙarar a ɗaki shiru, a mafi ƙanƙantar matakin da kake jin komai sarai, sannan in ka fita cikin hayaniya ka hana yatsanka taɓawa. Gargaɗin nan da waya ke nunawa in an haura wani mataki, wanda kowa ke dannawa ya wuce ba tare da ya karanta ba, ba don ado aka sa shi ba.

A nan ne robar da ta zauna daidai take biyan kuɗinta. Mutum ba ya ɗaga ƙara don son ransa, yana ɗagawa ne don ya rinjayi abin da ke kewaye da shi: injin markaɗe, janaretan maƙwabci, adaidaita sahu, lasifikar mai tallan magani. Da tsohon iyafis mai zama a bakin kunne dole sai ka yi gasa da su. Roba mai kulle ramin takan rage hayaniyar waje da desibel 20 ko kusa da haka, sai gasar ta ƙare, ka saurara a ƙasa-ƙasa kuma ka ji komai. Ashe abin da ke kawo daɗin sauti, da abin da ke hana zogi, da abin da ke kare ji, duk abu ɗaya ne. Wanda kuma ke sa ɗaya ya bar ɗaya yana reto ya sani cewa kunne guda yana jin sauti ƙasa da yadda biyu ke ji, don haka yakan ɗaga ƙarar ya dunƙule ta a kan kunne ɗaya.

Sai dai toshewar nan tana da nata sharrin a kan titi. Wanda bai ji janareta ba, ba zai ji hon ɗin tirela ba. Ɗan acaba, mai keke, mai tsallaka titi ko layin dogo, babu wanda ya dace ya toshe kunnuwansa biyu. Faransa ta haramta sa iyafis yayin tuƙi tun watan Yulin 2015, har ga masu keke. A gida ma abin yana jawo ƙananan rigingimu, dattijo ya yi sallama sau uku yaro na zaune bai amsa ba, a ce ba shi da tarbiyya, alhali bai ji ba ne. Masu kwana da shi suna sauraron karatu ko littafin da ake karantawa su ma su yi lissafi: barci ya ɗauke su, amma kunne bai yi barci ba, awa bakwai yana aiki, ga matashi yana danna abin ciki. A sa agogon kashe kansa da yawancin manhajojin sauraro ke da shi.

Sai tsafta. Dattin kunne ba ƙazanta ba ne, kariya ce, kuma kunne da kansa yake turo shi waje sannu a hankali. Abin da ake cusawa kullum yana mai da shi ciki ya taru ya toshe. In aka haɗa da gumi da rufaffen rami mai ɗumi, an yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa, sai ƙaiƙayi, sai ruwa, sai ciwo. A riƙa cire iyafis bayan kowace awa kunne ya sha iska, kada a sa shi da jiƙaƙƙen kunne bayan wanka ko alwala, a zare robobin a wanke da ruwa da sabulu a bar su su bushe sarai kafin a mayar. Aron iyafis da raba shi tsakanin abokai, kai ɗaya ni ɗaya, hanya ce ta musayar cuta. In ɓangare ɗaya ya rage ƙara, yawanci ba mutuwa ya yi ba, 'yar ragar bakin bututun ce ta cushe da datti da ƙurar hunturu ko laima. Busasshen burushin haƙori mai laushi ya isa, allura kuwa huda ragar za ta yi. Shi ma kunnen a daina ƙwaƙularsa da ashana ko gashin kaza ko tsinken auduga.

Alamomin da ke nuna an wuce iyaka sanannu ne. In ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙara shi kaɗai, wiii ko shuuu, ko ka ji maganar mutane ta dushe na ɗan lokaci, ƙarar da ka sha ta yi yawa ko da daga baya ya washe. In ka fara jin ana magana amma ba ka rarrabe kalmomin, musamman a taron biki ko kasuwa, to sautukan sama ne suka fara tafiya, don su ke fara lalacewa. Ba kowace ƙarar kunne ce daga iyafis ba: maganin zazzaɓi na kwinin yana kawo ta, allurar jentamaisin kuma tana iya taɓa ji, don haka a gaya wa likita magungunan da aka sha. Gwajin ji ba ya ciwo kuma ba ya cin lokaci, ana yin sa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa, akwai kuma cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa a Kaduna. Wanda kuwa ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya ɗiga mai ko ruwan ganye ya zauna jira. Ya nemi likitan kunne a ranar ko washegari, domin maganin irin wannan ɗaukewar ya fi aiki a kwanakin farko.